Kabarin da Aka Haƙa wa Arzika a Kano

Tun da na dawo ban samu sakat ba. In na zauna fada gindin bishiyar bedi, kafin a zuba shayi na farko wani ya ce in ba su labarin Kano. In na je kasuwar Matankari sayen goro, mai goro ya riƙe hannuna sai na ba shi nasa kason. Na yi ta faɗa har labarin ya fara sake kama a bakina. Ran nan na ji kaina ina cewa na hau jirgin sama, alhali ko tsani ban hau ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, da ɗan bokon da na tsinta a karatun manya bayan lakwal, wato makarantar boko, ta kore ni tun ina ƙaramin aji. Wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri, mai rubutun ma haka yake.

Arzika ɗan yayata Kulu ne, wadda ke Dumega. Magidanci ne, da matarsa Hajo da 'ya'yansu, kuma ɗan kokawa ne da aka sani daga Tibiri har Kore Mairuwa. Wasu 'yan fim na Kano suka ga hotonsa a salula, wato wayar hannu, yana ɗaga wani ƙato kamar damin hatsi, suka biyo shi har gida bayan kaka. Suka ce fim za su yi irin na Turawa da yara ke kallo, wanda mutum ke sa matsattsun kaya, ya tashi sama, ya tare mota da hannu ɗaya, amma wannan karon jarumin Bahaushe ne. Arzika ya bi su, ya ce kafin zafi ya dawo.

Cikin ɗari sai ga wani guntun hoto yana yawo a saluloli. Arzika ne cikin likkafani, fuska a buɗe, da rauni a goshi, ana saukar da shi rami, ana tura ƙasa. Babu bayani, sai wani kiɗa mai sa tsigar jiki ta tashi. Aka kira lambarsa ba ta shiga. Dumega ta yarda. Aka zo gaisuwa daga ko'ina, Hajo ta shiga takaba, aka dafa sadaka. Ni kaina na ci kwano biyu, ina kuka tsakaninsu. Ana cikin haka mamacin ya kira matarsa yana tambayar lafiyar yara. Ta jefar da salula cikin randa. Ashe tallan fim ne aka saki.

An yi dariya, an yi zagi, aka jira shi. Sai aka ji fim ya tsaya, kowa ya watse, shi kuwa ya ƙi dawowa. In an kira shi maganarsa ɗaya ce, wai ba a tashe shi ba tukuna. Zafi ya wuce, hadari ya fara haɗuwa gabas, gonarsa ko shara ba a yi mata ba. 'Yan'uwan Hajo, samarin nan masu ɗage wando, suka ce macen da ta zauna takaba kuma mijin ya ƙi nuna fuska ba za ta yi damana gidansa ba. In an yi shuka bai zo ba, za su ɗauke ta da yaran su kai magana gaban alƙali.

Yaya Kulu ta aika aka kira ni. Ta ce ni ne kawunsa, kuma ni ne ba ni da aikin yi, saboda haka in je in kawo shi kafin shuka. Na ce ƙafata na ciwo. Ta ce mota za ta ɗauke ni, ba ƙafa ba. Hajo ta ƙulla mini gumba a leda in kai masa, ba ta ce in gaishe shi ba.

A Dutsi na shiga babbar mota mai zuwa Maraɗi. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani Babarbare mai fataucin kanwa, kun san wasan tsokanar da ke tsakaninmu da su. Yana ganin zanen fuskata ya ce ashe bayinsu sun fara hawa mota mai sanyi. Na ce ai ubangijinsa ne ya fito duba talakawa. Muka yi ta yi har Ƙonni. Da na ba shi labarin abin da ya fito da ni sai ya daina dariya, ya ce a garinsu in an yi wa mutum sadaka da ransa, ba ya shiga gida ta ƙofa, sai an fasa masa danga. Na ce shi ya sa dangoginsu duk a fashe suke. Amma maganar ta zauna mini. Tsakanin Madawa da Maraɗi muka buɗe gumbar Hajo don mu ɗanɗana. Ba mu san lokacin da ɗanɗano ya kai rabi ba.

A tashar Maraɗi na kwana kan tabarmar haya, takalma ƙarƙashin kai. Da safe na tarar da takalman lafiya, hular ce ta tafi. Haka na nufi iyaka da sanƙo a fili.

A wajenmu jandarma ya dubi katina ya miƙo mini. A wajensu kuwa wani mai kaki ya juya katin sama da ƙasa, ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Na ce ranka ya daɗe, lokacin da aka ɗauke shi ina da haƙora. Na nuna masa zanena daga baki har kunne, na ce wannan katin tun ina jinjiri aka buga shi, kuma ba ya ƙarewa. Ya yi dariya, ya tambayi abin da zai kai ni Kano. Na ce tono mamaci. Ya miƙo katin da sauri bai ƙara tambaya ba. Nan na canza 'yan sefana, kuɗin ƙasarmu, aka cika mini aljihu da takardun naira, na yi ta taku irin na alhazai, har sai da na sha shayi da burodi na ga yadda suke zubewa.

Bayan iyaka akwai wani yanki da ban so tunawa. Direba ya kashe rediyo ba wanda ya ce masa, mai jariri ta toshe masa baki da nono, kowa ya yi tsit. Muka wuce ƙauyuka da rana tsaka, ƙofofi a buɗe, turame a tsaye, babu ko kaza. A wani gida na ga tufafi a kan igiya, rana ta cinye launinsu, ba wanda ya dawo ya kwashe. Wani akuya shi kaɗai a kan rufin soro ya bi motarmu da kallo har muka ɓace. Sai da muka ga mai sayar da rake bakin hanya direba ya sake kunna rediyo, mutane suka fara tari da gyaran zama.

Kano kuwa, mutanenta ba su da lokacin gaisuwa. A gida in ka tambayi hanya sai an tambaye ka gida da gajiya da iyali da dabbobi. Can kana cikin "ina kwana" mutum ya kai lungu na gaba. Kowa Baba yake ce mini, har wani mai furfura da ya girme ni. Na ci gurasa, wani abu mai faɗi kamar faifai da suke barbaɗa wa ƙuli, na nemi hura aka kawo mini wata a roba mai sanyi kamar an tono ta daga rijiya, zaƙi ya kashe ta. Kuma duk wanda na tambaya ɗan fim ne, ko ƙanensa ɗan fim ne.

Da kwatancen da Arzika ya taɓa yi wa Hajo na gano darakta, wato mai ba da umurni a wurin ɗaukar fim. Nura sunansa, saurayi ne siriri mai tabarau. Na same shi a wani ɗan shago yana tura wa mutane finafinan wasu a salula. Da na ce ni kawun Arzika ne sai ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya sayo mini ruwa, ya ƙi haɗa ido da ni.

Ya ce wani Alhaji ne ya ɗauki nauyin kamfanin, ba fim ɗaya ba ma, jerin finafinai aka tsara, kowane jarumi da nasa, daga baya a haɗa su wuri ɗaya. Sai kayan Alhajin suka maƙale a iyaka, naira ta faɗi, masu binsa suka taso. Aka wayi gari masu kyamara sun kwashe abinsu, mai gyaran hoto ya riƙe abin da aka ɗauka, Alhaji ya daina ɗaga waya. Ya ce in kwantar da raina, ko manyan kamfanonin Turawa haka ke samunsu, wani lokaci fim ya kusa ƙarewa a kulle shi ba mai gani har abada. Na ce to Turawan su ma suna binne ɗan mutane su tafi su bar shi?

Nan ya bayyana mini abin da ban sani ba. Ashe fim ba a ɗaukarsa daga farko zuwa ƙarshe kamar tatsuniya. A labarin, mugaye za su kashe jarumin, a binne shi, sannan ya fasa kabari ya fito da ƙarfin da ba na mutane ba. Binnewa ba ta cin komai, rami ne da farin ƙyalle, shi ya sa suka fara da ita. Fitowar ce mai tsada, sai da igiyoyi da injin ɗaga mutum da aikin kwamfuta, aka bar ta sai kuɗi sun zo.

"Baba, laifin bakina ne," in ji shi. "A aikinmu dole fitowa ta yi daidai da shiga. Ran da muka tashi na ce masa kada ya canza komai, gemu, jiki, rami, komai, sai mun dawo. Na ɗauka sati za mu yi."

Na ce ya zo ya warware maganarsa. Ya ce ya je har sau nawa ya faɗa masa fim ya mutu, Arzika sai ya dube shi ya ce to, yaushe za a dawo. Yanzu ba ya iya zuwa wurin. Ya tare mini adaidaita, keken nan mai ƙafa uku, ya biya, ya koma shagonsa.

Wurin yana bayan gari, tsohon sito ne mai faɗin fili da katanga. Na shiga rana na tsaka. Sai na ga gari guda an gina shi da katako: banki, asibiti, gidan sama, duk da fenti da tagogi. Na tura ƙofar asibitin na faɗa cikin ciyawa, ashe bayansa babu komai sai sandunan da suka tokare shi. Igiyoyi suna reto daga wani dogon ƙarfe. A kan wata waya an shanya fuskokin roba na mugayen, an zuba su daidai da fuskokin mutanen da za su sa su, bakuna a buɗe, zafi ya fara narkar da su. Can gefe ga kayan jarumin a jikin wani mutum-mutumi marar kai, ja da baƙi, da mayafi har ƙasa. Na yi masa sallama kafin in gane. Ban ji kunya ba, don ba wanda ya gani, in ban da fuskokin nan.

Arzika yana zaune bakin rami a ƙarshen fili. Na yi zaton zan same shi ya rame, gashi ya cukurkuɗe. Da na same shi haka da hankalina ya fi kwanciya. Yana nan daidai yadda na gan shi cikin likkafani, ko ƙwayar gashi ba ta ƙaru ba, har da raunin goshi, ja, ɗanye, kamar yanzu aka sare shi. Ya tashi ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya tambayi uwarsa da yara. Na ba shi abin da ya saura na gumba, na ce zafin hanya ne ya shanye ta.

Mai siton ya bar shi yana gadi a bakin abinci. Na zauna da shi 'yan kwanaki, muna kwana cikin bankin, wanda shi kaɗai ke da rufi. Kowace safiya bayan salla sai ya buɗe guntun hoton nan a salula, ya jingina ta, ya ɗauki almakashi da ɓallen madubi ya daidaita gemu. Ya buɗe wani ɗan gwangwani ya sake zana raunin. Sannan ya je ramin da tsintsiya, ya share bakinsa, ya gyara tsibin ƙasa, ya mai da wata fasasshiyar ƙwarya inda take a hoton. In iska ta kawo ganye ya cire, in ta ɗauke wanda ke hoton ya nemo irinsa. Abinci ma da awo yake ci, shinkafa da wake da wata mata ke kawowa, kada ya ƙaru kada ya ragu. Ni nake taimaka masa da ragowar. Ramin kuwa bai taɓa sa ƙafa ciki ba tun ranar, daga sama yake gyara shi da doguwar sanda.

Na gwada duk dabarata. Na ce uwarsa ba ta da lafiya, ya ce jiya ya ji muryarta tana zagin awaki. Na ce wani yaro a Kore Mairuwa yana cewa tsoronsa ya hana shi dawowa, ya yi murmushi. Na faɗa masa maganar 'yan'uwan Hajo ba ƙari. Wannan ta taɓa shi.

"Kawu, ka ci sadakata?"

"Na ci."

"Da daɗi?"

"Gishiri ya yi kaɗan."

"To ka gani. Mutanen da sunka ci sadakata, in na shigo musu hakanan, mi za su gani? Hajo ta kwance kitso sabili da ni. Sun ga an sa ni, Kawu. Sai sun ga na hito."

Na ce ai ga shi a waje. Ya ce ni ke ganin haka.

Ran nan aka kira daga gida aka ce an yi ruwa a Tibiri, saura kaɗan ya kai Dumega. Bayan azahar Arzika ya ɗauki jarka ya tafi famfo. Na ce a raina tunda ramin ne ba ya so ya canza, bari in canza masa shi. Niyyata in tattake baki, in watsa tsibin ƙasa, in ya dawo ya tarar da ni zaune ciki ina cin goro. Ya yi fushi ya doke ni ma, in dai za mu tafi.

Na cire takalma, ban san dalili ba. Na zura ƙafa na sauka a hankali. Ban tattake komai ba. Sai na ga kaina na kwanta, kuma a kan hannun dama, fuska gabas, ba tare da na shirya ba.

Abu na farko, Kano ta ɗauke. Garin da ko cikin barci kana jin ƙahon mota, shiru kamar an rufe tulu. Na biyu, ƙasar busasshiya ce amma ƙamshin ruwan farko take yi, irin na gonarmu ta tudu. Na uku shi ne wanda ban cika faɗa a fada ba. An haƙa ramin nan don Arzika, wanda nake tsayawa iyakar hammatarsa. Amma kaina ya taɓa wannan bango, tafin ƙafata ya taɓa wancan, ba ragi ba ƙari. Sai na ji daka daga nesa, da wani salo na jefa taɓarya a tafa hannu sau biyu kafin a cafe. Mace ɗaya na sani mai daka haka, kuma mun binne ta tun ina da gashi. Na so in tashi, jikina ya ce me ake sauri. Ban ji tsoro ba ko kaɗan. Yanzu in na tuna, rashin tsoron nan ne ke ba ni tsoro.

Na ga fuskar Arzika a sama da rauninta, bakinsa na motsi, muryar na zuwa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ya miƙo sanda ban kama ba. Ya yi ta kai da kawo a bakin ramin. Sannan ya diro. Gefe guda ya rufto mana, ƙwaryar ta faɗo ta ƙarasa fashewa. Ya sunkuce ni ya aza a kafaɗa yadda yake yi wa abokan karawa, ya kafa gwiwa a bango, ya dafa, ya fito da mu. Ƙarar Kano ta dawo mini gaba ɗaya har kunnena ya yi zafi.

Ya zaunar da ni ya zuba mini ruwan jarka a ka. Gumi ya wanke masa raunin, jan ya gangaro har gemu. Ya tsaya yana kallon ramin, ya rushe, sawunsa ne ko'ina, na shiga da na fita.

"Kawu, kai da wa kaka magana?"

Na ce ban yi magana ba.

"Ka yi. Kana ta cewa ga ni nan, Inna, bari in sa takalma."

Ya je bayan asibitin ya ɗauko shebur, ya cike ramin da hannunsa har ya daidaita da ƙasa, ya tattake. Ya wanke fuska da sabulu. Ya kai wa mai sito makulli, ya biya ta wurin wanzami aka kwashe gemun duka. Kayan jarumin muka bar su a jikin mai su. Da za mu fita na ga ya ɗan ɗaga wa mutum-mutumin hannu.

Dawowa ba ta da labari, sai dai ya saya mini hula a Maraɗi. Mun sauka Dumega da hantsi, an kwana ana ruwa, gari duk ya fita gona. Yara suka gan shi suka watsa da gudu. Wata tsohuwa ta ajiye iri ta zo ta mintsine shi a damtse, ya ce wash, ta ce to madalla. Ta ƙofa ya shiga, ba a fasa danga ba. Hajo ba ta fito ba, ta turo ruwa a kwanon sha ta ƙasan labule. Ya shanye, ya ɗauki sungumi. Kafin ya kai bakin gari ta biyo shi da ƙwaryar iri a kai, tana tafe tana faɗa, yana gaba yana saran rami tana baya tana zuba hatsi tana rufewa da ƙafa. 'Yan'uwanta suka zo suka tsaya bakin gona, suka yi barka da ruwa, suka koma.

Yaya Kulu ta ja ni bayan rumbu ta ce in faɗa mata yadda aka yi, kada in sa gishirina. Na faɗa mata duka, har dakan. Ta murza bakin zane.

"Shi da ƙahwa tai ya shiga, da ƙahwa tai ya hito," in ji ta. "Kai hwa?"

"Ɗauko ni anka yi."

Ta sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarmar baƙi, ta dama hura da hannunta, da nono mai yawa, ta zauna tana kallona har na shanye. Tun muna yara Kulu ba ta taɓa yi mini irin wannan kirki ba, kuma ban tambaye ta dalili ba. Ta ce in yi damana a Dumega kusa da ita, na ce ina da awakina a Matankari.

Hatsin Arzika ya kai gwiwa yanzu, Hajo na ɗakinta. Ni kuwa duk ran kasuwa sai Kulu ta aiko a ga ko ina nan. Ina nan.